Ranar da Gesheme ta zo mini jaje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da dangin mijina suka ciko mota daga Gesheme suka zo yi mini jaje a Dogon Dutsi, alhali ba rasuwa aka yi ba, ba gobara, ko ɓarawo bai shigo mana ba.

Abin ya samo asali ne ranar da maigidana, Baban Nafisa, ya dawo daga wurin likita fuska a murtuƙe. An ce tansiyo ɗinsa ta hau, wato hawan jini, ya rage mai da gishiri. Shi dai ragewa aka ce masa. Ni kuwa da Allah ya yi ni da zaƙewa (malamar lekwal ce ni, wato makarantar boko, in na kama darasi ba na saki sai an haddace), sai na mayar da abin yaƙi. Na tattara dunƙulen magi da tumatirin leda da duk wani abin gwangwani na raba wa maƙwabta. Na koma wa daddawa da gabu da busasshen tumatir. Mai kuwa na juye shi cikin wata 'yar kwalbar magani, cokali guda nake ba tukunya, ina ɗiga shi kamar mai sa wa jariri maganin ido.

Alfarma ɗaya maigidan ya roƙa. Ya ce, "Don Allah kada Inna ta ji. Kin san ta, in ta ji ina da ciwo ta bar barci ke nan, kuma duk saiwar da ke dajin Arewa sai na sha ta." Na ɗauki alkawari.

Da na tsaya a gidana da sauƙi. Amma ina! A foyandi, taron da mu matan unguwa muke yi gida-gida wadda layi ya zo kanta ta yi girki, na zama mai wa'azi. Ba a buɗe kwano ban yi sharhi ba. Ƙawata Zalika mai sayar da atamfa ta laƙaba mini Madam Cokali Guda, ni kuma don wauta na ɗauki sunan kamar lambar girma.

Ana cikin haka Inna, surukata, ta iso ranar kasuwa ba sanarwa. Na sani sarai cewa a wurinsu miyar da mai bai taso ya kwanta a kanta ba, ba miyar baƙo ba ce. Amma na riga na yi nisa, ba na jin kira. Na tuƙa tuwon gero, na kaɗa miyar kuka da cokalina guda, na kai mata har da durƙusawa. Inna ta buɗe kwanon, ta karkata shi wajen haske kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗa ciki. Ta yi 'yan lomomi ta wanke hannu.

Can sai ga ta a madafa. Ta dubi kantar kayan miya wayam, ba gwangwani ko ɗaya, sai 'yar kwalbata a tsaye ita kaɗai.

"Wanga shi na man gidan duka?" ta tambaya a hankali.

"Shi ke nan, Inna," na ce, kaina a sunkuye don kunya, cikina kuwa fal da alfahari. "Yana jimawa ma bai ƙare ba."

Ta ce, "Allah shi kyauta." Gari na wayewa ta hau mota ta koma. Ni kuwa na tari maigidan da albishir cewa tsarina ya burge Inna har ta rasa ta cewa.

Ba a jima ba layin foyandi ya zo kaina. Na yi dambu da zogale a bushe, kaza gasasshiya, na jera komai a manyan faranti tsakar gida. Mata sun sha kwalliya sun zazzauna kan tabarmi suna kallon dambun da tausayi. Na miƙe tsaye (wallahi tsaye, kamar a aji), na ɗaga kwalbar sama ina bayanin yadda mai ke toshe jijiya. Ina tsakiyar jijiyar sai muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida, aka rangaɗa sallama.

Inna ce a gaba. Bayanta ƙanwarta Gwaggo Tani, bayanta matan dangi sun yi jerin gwano, kowace da kaya a ka: bido, wato jarka, na man gyaɗa, ƙwaryar man shanu, gero, ƙuli-ƙuli. Wata tsohuwa ma dunƙule ta ƙullo a leda, tana riƙe da shi kamar zinariya. Mazan suka tsaya waje.

Inna ta sauke kaya, ta kamo hannuna, wanda ba kwalba a ciki, idonta ya ciko.

"Sannu ɗiyata, sannu da haƙuri. Kin ruhwa muna asiri, Allah shi ruhwa naki. Tun da nig ga tukunyarki ban yi kwana ba. Gidan ma'aikaci, mai cikin kwalbar magani! Ba sai kin hwaɗi ba, mun gane aikin ya ƙare. To in aikin gwamnati ya ƙare, gona ba ta ƙare ba. Kawun mijinki na nan waje, ya yanke mai wuri, ku taho gida ku yi noma."

Na buɗe baki, alkawari ya rufe shi. Na dubi Zalika neman agaji, na same ta ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Matar da ke kusa da ita ta kifa kai a cinya wai tari take yi.

Gwaggo Tani kuwa ta juya kan baƙina. "Ku kuma ƙawayen banza, kun sha gwal kun zamna, kuna kallo tana dahwa abinci da ruwa?" Kafin in motsa ta kwance bakin bido ta tsiyaya wa dambuna mai har ya yi ƙyalli. Wata ta saki guɗa. Matan da na shafe watanni ina yi wa wa'azi suka naɗe hannun riga suka afka wa farantin. Tun da nake girki a unguwar nan ba a taɓa cinye abincina tas ba sai ranar, kuma ina tsaye da kwalba a hannu aka yi.

Ana wannan bidiri maigidan ya dawo daga aiki a kan babur, da takardun ofis a jaka. Kawunsa ya riƙe masa hannu a ƙofa yana ta "sai haƙuri, arziki na Allah ne". Ya shigo a ruɗe, ya dubi buhun gero, ya dube ni, ya dubi kwalbar, nan take ya gane. Dole ya durƙusa gaban Inna ya faɗi gaskiya: aiki na nan, albashi na nan, jini ne ya hau.

Dariyar ta tsaya ne sa'ad da Gwaggo Tani ta dafa bidon ta ce, "To wanga man, gyaɗar irin yayata ta. Wadda ta aje don shuka ta soye ta matse maku."

Nan kunya ta gaske ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗin ba da labari. Tsohuwa ta ba da damanarta guda saboda ni na kasa faɗin magana ɗaya. Inna dai ba ta ko dube ni ba, ɗanta take kallo. Ta ce, "Talauci nac ce, na kawo mai. Da ciwo kac ce, ai da saiwa zan kawo." Sannan ta karɓi kwalbar daga hannuna, ta jujjuya ta, ta ce ma ta yi girma ga mai tansiyo.

Irin gyaɗa dai mun saya mun kai. Da ruwa ya sauka ni da kaina na je Gesheme na bi bayan Inna ina jefa iri ina rufewa da ƙafa, matan gari na leƙowa su ga Madam ɗin da aka yi wa jaje. Baban Nafisa kuwa saiwar da yake gudu yana shan ta, a kan maganin likita, Inna na bincike ta waya. Zalika har yau in ta gan ni a kasuwa sai ta rage murya ta ce, "Madam, ya haƙuri?"

Man Inna yana nan a madafa, cokali guda nake ɗiba, don ban fasa ba. Abin da na koya dai shi ne, duk wadda za ta rage mai a tukunya, to ta ƙara magana a baki, musamman in tana da surukar da ke duba lafiyar gida a saman miya.