Awa Ta Cika a Gonar Baffa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yanka wa surukina kuɗin awa ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin na sayi wani babur mai ƙafa huɗu, na hannu, na ɗaura masa amalanke a baya, ina kwasar wa manoma masara da gyaɗa daga gonakin wajen Pitowa zuwa cikin Garwa. Da farko kuɗin sawu nake karɓa, sai na ga ni ake cuta. Ka je gona, mai gona ya tsaya gaisuwa, ya tambayi lafiyar kowa har ta kakarka da ta rasu, ba a ko ɗaure buhu ɗaya ba, yini ya tafi. Sai na kafa doka: da awa za a biya ni. Na saita wayata ta riƙa ƙara duk awa, na kuma haddace magana ɗaya da nake jefa wa kowa: "L'heure c'est l'heure," wato awa dai awa ce. (Faransancina bai wuce nan ba sosai, amma ina faɗinta da ƙarfi.)

Sannan ina neman auren Hadiza. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa Baffa Sale ne ya riƙe ta, kuma shi zai ba da ita. Wata rana muna zance a zaurensu ta ce, "Baffa zai kwashe masara ran Asabar, ya ce ka zo da mashin ɗinka."

Ko jaririn goye ya san abin da wannan kira yake nufi. Ni kuwa, gwanin lissafi, na ce a raina: ga ranar da zan nuna wa tsoho cewa 'yarsa ba hannun ɗan zaman kashe wando za ta faɗa ba, mai sana'a ne mai tsari.

Na isa na tarar da gona cike da mutane, Hausawa da Fulani, maƙwabta da dangi. Gayya ce, wadda Fulanin nan ke kira surga. Mata na ta sauke tuwo a ƙarƙashin bishiya. Na ga duk wannan da idona, amma na danna agogon wayata. Na yi aiki kamar jaki, ƙarar injin ta hana kowa jin kukan wayar.

Da aka gama aka ci aka sha, Baffa ya tara mutane. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Jama'a, kun ga yaron nan? Yau ya nuna mini shi ɗan gida ne." Ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ana amin.

Sai wayar ta fashe da kuka a aljihuna.

Baffa ya shafa addu'a ya ce, "Ɗauki mana, ɗana, kada mai kira ya gaji."

Da na ce kuskuren lamba ne, da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Na ce, "Ba kira ba ne, Baffa, awa ce ta cika." Na kuma zauna na yi masa bayani dalla-dalla, mai nawa injin ke sha, taya nawa take, har na ƙara da cewa tunda shi na gida ne, na cire masa lokacin salla.

Wani tsohon Bafulatani ya tsaya da kofin shayi a bakinsa ya kasa kurɓa. Can wajen mata na ji an ce, "Innalillahi!" Muryar Hadiza ce. A nan ne hankalina ya dawo jikina.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Madalla, haka ake sana'a. Zan biya ka. Amma ni ma ina da zaure, ina da tabarma, ina da fitila. Tun bara kake zuwa zance. To, ni nawa zan yanka maka awa?"

Dariyar da aka yi, ina jin har masunta a bakin Binuwai sun ji ta. Na hau mashin zan gudu, shi ma ya ƙi tashi. Da turi aka fitar da ni daga gonar, kuma waɗanda suka tura ni ba su caje ni ko sisi ba.

Sai da mahaifina ya je da goro da abokansa biyu ban haƙuri. Ya ce wa Baffa ɗan nasa ba mugu ba ne, wawa ne kawai, kuma Baffa ya yarda da wannan shaida nan take. Hadiza kuwa ta daɗe ba ta fito zaure ba.

An dai ba ni ita. Har yanzu da awa nake aiki, amma na koyi duba waye ke girka tuwo a gona kafin in danna agogo. Baffa kuwa, duk ranar da na je gaishe shi na durƙusa, sai ya leƙa aljihuna ya ce, "Ɗana, an kunna ne, ko in amsa a tsanake?"