Ranar da Na Tuƙa Agwagwa

A shekarun da arzikin man fetur ya ɓarke, aka kawo mana wata mota mai taya shida a wurin aikinmu na gona a Faskari. Tana tafiya a tudu, tana iyo a ruwa, muka sa mata suna Agwagwa. Ni ne tsohon direba, amma Lawal, wanda ni na koya wa tuƙi, shi aka miƙa wa makulli. Duk ranar kasuwar Sheme, in ya ratsa ruwa da ita, shi ake yi wa tafi.

In zai bi taɓo sai ya ɗaura wa tayoyin sarƙar roba, in zai shiga ruwa ya kwance. Na ce iyayi ne kawai.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, na faɗa tafkin bakin kasuwa da sarƙar a ɗaure, ina ɗaga wa jama'a hannu. Ashe tayoyin ne ke tura ruwa, ga shi sarƙar ta rufe su. Agwagwa ta tsaya tsakiyar tafki tana juyi kamar ƙwarya.

Lawal ya taso da zazzaɓinsa ya jefo mini igiya. Aka sake yi masa tafi, har da matata.

Har yau in zan tsallake kwata sai wani ya ce, "Baba, a kira Lawal?"