Rage-Bakwai

Idan ana lissafin mutanen da Allah Ya yi wa baiwa, a fara da shugaban ƙaramin asibitin unguwarmu, sauran su biyo baya. Wasu masu duba marasa lafiya sai sun latsa nan, sun tambayi can, kafin su gane abin da ke damun mutum. Shugaba kuwa daga kan kujerarsa mai juyawa yake hango cuta tun tana bakin ƙofa. Abin sauraron ƙirjin da ke rataye a wuyansa har yau sabo ne fil, don bai taɓa wahalar da shi a jikin kowa ba.

Iliminsa ya tumbatsa ne bayan wani taron ƙara wa juna sani a kan ciwo. Ya dawo da jaka mai tambari, da sabon salon tafiya, da wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, da lamba daga sifiri zuwa goma. A can an koya musu a tambayi marar lafiya lambar da ta yi daidai da zafin da yake ji, sannan a yarda da abin da ya faɗa. Rabin farko ya shiga kunnen Shugaba. Rabi na biyu ya zo daidai lokacin da ya fita karɓar abincin rana.

Sai ya cike giɓin da basirarsa. Ya tara ma'aikata ya ce, "Na yi nazarin ɗan Adam. Mutanenmu akwai zuzuta abu, ƙaya ta soke su, su ce mashi ne. Daga yau duk lambar da mutum ya faɗa, a rage bakwai. Abin da ya saura shi ne ciwon gaskiya. Uku zuwa ƙasa, farasitamol da haƙuri. Sai ciwo ya kai biyar za a rubuta takardar zuwa babban asibiti."

Ko ɗan aji biyu ya san ba mai kaiwa biyar. Amma mataimakinsa, wanda in Shugaba ya yi tari yakan ce an yi hikima, ya tafa har hannunsa ya yi ja. Daga ranar mutanen unguwa suka raɗa wa Shugaba suna Rage-Bakwai. An daina tura kowa ko'ina, shi kuwa ya mayar wa hukuma motar ɗaukar marasa lafiya, ya ce a ba waɗanda ba su iya aiki ba.

Cikin masu cin moriyar wannan ci gaba akwai wani direban babbar mota. Ciwo ne ke taso masa daga ƙugu, ya bi cinya har tafin ƙafa, ya kai ba ya iya taka birki. Mai motar ya ce in wata ya ƙare bai warke ba, wani zai hau kujerarsa. Takardar zuwa babban asibiti kawai yake nema.

"Takwas, ranka ya daɗe," in ji direba, yana dafe da bango.

"Ɗaya ke nan," in ji Shugaba, ko ɗago kai bai yi ba. "Ɗaya ai ko ni ina jin ta saboda yawan tunani."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan mai kujera ya fi shi sani. Wata tsohuwa a kan benci ta ba direba shawara, washegari ya dawo ya ce goma sha biyar. Shugaba bai ruɗe ba. Nan take ya kafa doka ta biyu: duk wanda ya wuce goma maƙaryaci ne, ya koma ƙarshen layi ya yi wa kansa faɗa. Tun daga nan ƙarshen benci ya zama mazaunin direba, wata kuma yana ta ƙarewa.

Wata safiya Shugaba ya fito ɗakin jira yana yi wa jama'a lacca. "Ciwo ra'ayi ne," in ji shi. "Mai ilimi ba ya..." Bai ƙarasa ba wani abu ya soke shi a kwiɓi. Tsakuwar ƙoda ce ta zaɓi ranar ta sauko. Gumi ya karyo masa, ya durƙusa, ya kwanta, ya shiga birgima a siminti da farar rigarsa.

Mataimaki ya rugo da kwalin fuskoki, cike da ladabi. "Ranka ya daɗe, nawa?"

"Goma."

"Uku ke nan. A kawo farasitamol."

Shugaba ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Goma sha bakwai."

Mataimaki ya ɗauka gwajin biyayya ake yi masa a bainar jama'a, kuma ba ya son ya faɗi. Ya sa aka cicciɓi Shugaba aka kai shi ƙarshen benci. Direba ya matsa masa.

"A fito da mota," in ji Shugaba yana nishi. Aka tuna masa inda motar take. Ya zaro makullin tasa ya miƙa wa maƙwabcinsa. "Bawan Allah, kai ni babban asibiti."

"Da na so, ranka ya daɗe, amma ɗayar nan tawa ba ta taka birki. Da dai da takarda, sai mu ɗauki tasi mu tafi tare."

Wuya makarantar kare. A kan gwiwarsa Shugaba ya rubuta wa direba takardar, ya sa takwas cif, bai rage ko rabi ba. Direba ya samu magani, ya koma kan sitiyarinsa kafin wata ya mutu.

Tsakuwar da ta fito kuwa ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Yanzu in Shugaba yana ba da labarin jarumtarsa, ta kai girman ƙwai, kuma ko uhum bai ce ba. Mukan saurara da ladabi, muna gyaɗa kai, muna rage bakwai.