Ranar da Na Zama Manomin Kashu

Jama'a, ku taya ni murna. Jiya da safe na buɗe shago ina tela, da la'asar na koma gida ina gwarzon manomi. Ni kaina ban san mun ci gaba har haka ba.

Ina kan keke ina haɗa wuyan riga sai ga maƙwabcina, wanda muke kira Ɗan Kwamiti saboda ba a taɓa kafa kwamiti babu shi a ciki ba. Ya faɗo shagon yana haki.

"Tela, ka rufa min asiri. Yau ake baje kolin gyaɗa da danginta, Mai Girma yana hanya, kuma babu manomi ko ɗaya a filin."

Na ce, "Ina manoman suka shiga?"

"Motar da za ta ɗauko su tana layin mai. Man da aka ware mata an zuba wa motocin rakiya."

"To amfanin gonar fa?"

Sai ya leƙa ta taga yana kallon teburin maman yara.

Maman yara dai ita ce matata, kuma teburin nan shi ne jarinta kaf: kwalaben soyayyiyar gyaɗa, aya, riɗi, gurjiya, agushi, kwakwa, da 'ya'yan kashu da ko ni ba a bari in taɓa. Ɗan Kwamiti ya durƙusa ya yi ta rantsuwa cewa aro ne kawai. Ta harare shi, ta juyo kaina.

"Baban yara, a hannunka na ba da. Ƙwaya ɗaya ta ɓata, kai da kekenka ku nemi wurin kwana."

A bayan rumfar filin aka yi min shigar manomi. Aka sa min yagaggiyar riga da malafa, aka shafa min ƙasa a ƙafa, aka miƙo min fartanya sabuwa fil, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Filin kuwa ya sha kyau. Hoton Mai Girma rungume da damin gyaɗa ya fi wata gonar faɗi. Muka juye kayan maman yara a farantai muka zauna, har rana ta take tsaka kafin mu ji jiniya.

Mai Girma Uban Ayyuka, Allah ya ƙara masa tumbi, ya zo teburina ya ɗauki ƙwayar kashu yana jujjuya ta.

"Manomi, wannan a ina yake fitowa?"

Ni a kwalba na san kashu. Na dubi Ɗan Kwamiti, ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye. Na yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin ƙasa, kamar gyaɗa. Sai dai shi ya fi nisa. Wahalar tonowa ce ma take lanƙwasa shi haka."

Mai Girma ya gyaɗa kai a hankali. "Dama haka nake zato."

Wani mai tabarau da aka ce shi ne mashawarci kan noma ya matso. "Daidai ne, ranka ya daɗe. Bincikenmu ya tabbatar."

Da aka zo jawabi, Mai Girma ya ce zamanin da manomin kashu zai ƙare ƙarfinsa wajen tono ya wuce, za a sayo manyan injinan haƙa a raba mana kyauta. Tafi ya kaure. Ni ma na tafa, don a lokacin har na fara tausayin kaina.

Sai masu hoto suka roƙi Mai Girma ya ɗanɗana. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki. Ashe 'yan rakiya abin da suke jira ke nan. Kafin in ce a yi haƙuri, hannaye sun rufe teburin. Wannan yana cika aljihu da gyaɗa, wancan yana zuba aya a hula, wani mai tsaro ya watsa riɗi a baki har ya ƙware. Da idona na ga wani babban darakta yana tafiya da ƙyar, kwakwa biyu a hammata. Agushi kaɗai ya tsira, saboda sai an ɓare shi, kuma a tawagar nan babu mai son aiki.

Ni kuma aka ba ni lambar yabo da bokitin ban-ruwa. Ana gama hoto aka karɓe bokitin, wai akwai wani taron gobe.

Na isa gida da kwalabe fayau. Maman yara ta dube su, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Kashu a bishiya yake, baban yara."

Na ce, "Rufa min asiri, an riga an yi alkawarin injina."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta yafa mayafi, ta ari baro, ta nufi gidan Ɗan Kwamiti. Jim kaɗan sai ga ta tana turo janaretonsa. Matarsa ce ma ta kama mata suka ɗora, tana cewa, "Yaya, ki riƙe shi har ya yi hankali."

Yau ko karyawa ban yi ba sai ga Ɗan Kwamiti a babur, buhun gyaɗa a gaba, riɗi da aya da gurjiya a baya, kwakwa na reto a gefe, kashu a cinyarsa ya rungume kamar jariri. Maman yara ta buɗe kowane ƙunshi ta shinshina, ta mayar masa da gurjiyar ta ce ta bara ce. Ya juya kasuwa da gudu ya canzo. Tun da nake, wannan ne aikin kwamiti na farko da na ga an kammala kafin wa'adi, har da gyara.

Shi ya sa nake ba Masu Girma shawara cikin ladabi: titin unguwarmu da aka ƙaddamar tun ina saurayi, a danƙa wa maman yara. Ba ta buƙatar ofis ko motar rakiya. A dai ba ta baro, a nuna mata inda kuke ajiye janareto.