Gonar Malalacin da ke Bayan Aji

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a tsakiyar damina, lokacin ana kashe fam da sule. Ina sabon malami a wata firamare ta ƙauye kusa da Kademi, ɗan birni, ga farin wando, ga Turanci a baki kamar ni na haife shi. (Littafi ɗaya na haddace, amma a ƙauyen wa ya sani?)

Ran nan sufeton makarantu ya zo daga Gaya a kan babur. Rahotonsa ne zai sa a tura ni kwalejin horon malamai ko a bar ni, kuma mutum ɗaya za a ɗauka. Shi da hedimasta suka zauna a bayan aji.

Darasina a kan kalmar *contrast* ne. Na rubuta ta a allo, na bayyana wa yara cewa ba kowane bambanci ake kira haka ba, sai wanda ke tsone ido idan an jera abu biyu, kamar nono da gawayi. Sufeto ya gyaɗa kai. Da na tsaya nan da na tsira, amma kaina ya riga ya kumbura.

Na leƙa taga, sai ga misali Allah ya kawo. Gonaki biyu ne a jere. Ɗaya ta Baba Modu ce, wani tsoho Babarbare, geronsa ya yi shar, ko tsinken ciyawa babu. Ta kusa da ita kuwa abin tausayi: ƙarangiya ta shaƙe gero, ya yi rawaya, akuya ma sai ta yi tunani kafin ta shiga. Na tara yara a bakin taga, na yabi tsoho, sannan na juya kan mai ɗaya gonar. Na kira shi malalaci, cima-zaune, na ce da ni ne dagaci da na kore shi daga gari. Har na sa suka maimaita jimlar da Turanci sau uku.

Na lura ba wanda ya yi dariya. Hedimasta yana ta tari, ni kuwa na ɗauka mura ce. Sufeto ya taso ya leƙa, ya tambayi yara gonar wa ce. Yara suka kalli juna. Ya sake tambaya.

"Ta Malam ce," in ji ajin gaba ɗaya.

Wallahi sai da na waiga ina neman wani malamin.

Hedimasta ya yi bayani a hankali, kansa a ƙasa. Al'adar garin ce, duk baƙon da ya zo aiki dagaci yakan ba shi aron gona, a yi masa shuka da ruwan farko, noma kuma nasa ne. Sai a lokacin na tuna ranar da na je gaisuwa, dagaci ya ce an ba ni wuri a bayan makaranta, na ce na gode, na fita ina kaɗe wandona. Ban taɓa zuwa na gani ba. Wata biyu gari na kallona, kunya ta hana kowa magana.

Na buɗe baki, Turancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi.

Sufeto ya rufe littafinsa ya ce, "Malam, yara sun gane kalmar, ni ma na gane. Hukuncin da ka yanke wa mai gonar ne ya yi tsanani. Ba za a kore shi ba, zai ƙara shekara a garin."

Haka aka yi. Wani aka tura kwaleji, ni kuwa na ari fartanya wurin Baba Modu, hannuna ya yi kanta. Tun daga ranar, kafin in zagi mai abu a gaban jama'a, sai na fara tambayar na wane ne.