Kek ɗin da Ya Tona Asirin Daɓe

"Lafiya lau na tashi, Guntuwa, in ban da ƙarar kwanonin wata marar tausayi. Yau kuma me za a ƙona mana?"

Tsohon birkila ne ya leƙo kicin. Jikarsa ce a ciki, wadda ya laƙaba wa Guntuwa tun tana rarrafe, ga shi yau ta fi shi tsayi amma sunan ya ƙi sakinta. Tun safe take rawar jiki. Mai babban shagon kek na bakin titi ta ce ta kawo yanka goma sha biyu na kek ɗin lemon tsami da ƙarfe biyar, in sun yi kyau kuma kansu ɗaya, ta samu aiki. Shekara biyu ke nan tana neman irin wannan dama.

"Kunnen da ba ya jin sallama, amma yana jin an buɗe obin," in ji ta. "Matsa, Tsoho, yau za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Ta jawo tiren gashin, sai murmushinta ya ɗauke. Ƙasan fulawa da bota ya gasu yadda ake so, amma kirim ɗin lemon da ta zuba a kai duk ya tattara gefe guda. Nan ya yi tudu, can kuma ya yi fayau har ya ƙone.

"Gaskiyarki, ban taɓa gani ba!" Tsoho ya tafa hannu. "Gangara kika gasa mana? Na fasa auren. Wannan ko kazar maƙwabta sai an roƙe ta."

"Wa ya ce zan ba ka? Da wane haƙorin? Guda uku suka rage, su ma ba sa ga maciji da juna."

"Da ukun nan nake fasa ƙashi. Hannunki ne a karkace, yarinya, tun kina ƙarama a karkace kike ɗaura ɗankwali."

Guntuwa ta tsaya tana lissafi. Ƙwan da madarar da ruwan lemon duk ta auna su kamar yadda ta yi a gidan ƙawarta, inda ta koya, can kuwa sumul yake fitowa. Ta dubi obin, ta dubi ƙasa. Sai ta ɗauki lemon tsami guda ta ajiye a kan daɓe ta saki. Lemon ya yi ɗan jim, sannan ya kama hanya, ya gangara har bakin ƙofa ya daki ƙafar Tsoho.

"Wa ya yi daɓen kicin ɗin nan?"

"Lemonki ne ba shi da tarbiyya."

"Na ce wa ya yi daɓen?"

"Ni na yi, da hannun nan! Ni da ake ajiye ƙwai a daɓena ya kwana bai motsa ba? Ni da na gina bene hawa bakwai?"

"Jiya hawa biyar ka ce."

"Ginin kirki ai girma yake yi."

"To wannan kwanciya yake yi. Ashe shekara da shekaru a kan tudu muke girki! Shi ya sa duk wanda ya shigo kicin ɗin nan yake fita da gudu, ba ya iya tsayawa."

"Girkinki suke gudu."

Ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya kai kan tebur. Ƙwai huɗu suka rage, madara gwangwani ɗaya, lemon kuma iya na zubi guda. Agogo ya wuce sha biyu, ga kek ɗin sai ya yi awa uku a firij kafin ya yanku. Tsoro ya kama ta sosai.

"Kaka," ta ce a hankali, "in wannan ma ya karkace, shi ke nan."

Ba ta cika kiransa Kaka ba. Tsoho ya dube ta, ya juya ya fita. Can sai ga shi da ma'aunin nan na magina mai ɗan kumfa a tsakiya, yana goge shi da gefen riga.

"Ba don ke na ɗauko ba. So nake na wanke sunana."

Ya durƙusa, gwiwoyi suna ƙara, ya ɗora ma'aunin a kan ragar ƙarfen da ake ɗora tire a cikin obin. Kumfan ko kunyar mai shi bai ji ba, ya zura da gudu ya maƙale a ƙarshe.

"Shi ma ba shi da tarbiyya?" in ji Guntuwa.

"Ya tsufa ne. Rufe min baki ki ɗaga nan."

Ta ɗaga gefen obin, ya cusa gutsuren tayil biyu a ƙarƙashin ƙafafun. Ya duba, ya ƙara ɗan kwali, ya sake dubawa. Kumfan ya dawo tsakiya ya zauna daram.

Nan fa kicin ya rikice. Ta murza fulawa da bota ta danne a tire, ta gasa. Tana kaɗa ƙwai da madara, shi yana matse lemon yana yamutsa fuska.

"Kar ka sa min 'ya'yan a ciki!"

"Ni da na tankaɗe yashin gari guda?"

Ta zuba kirim ɗin, ya bazu ko'ina daidai, ta rufe obin. Su biyu suka tsuguna suna leƙen gilashi kamar masu kallon ƙwallo. Da ya fito ya huce, aka kai shi firij, Tsoho ya ja kujera ya zauna a gabansa wai gadi yake yi.

Huɗu da rabi ta sa wuƙa. Yanka na farko ya fito, rawaya a sama, ruwan zuma a ƙasa, kauri ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Ta jera goma sha biyu, babu wanda ya fi wani. Guntuwa ta kurma ihu, ta yi tsalle, ta rungume Tsoho har hularsa ta faɗi.

"Sake ni, za ki karya wa mutane miji!" Ya waiga ƙofa, ya rage murya, ya miƙa mata ma'aunin. "Ungo, na bar miki. Duk obin ɗin da za ki yi aiki da shi a shagon, ki fara auna shi. Amma maganar daɓen nan ta tsaya tsakaninmu. Shekara talatin kakarki tana cewa mai yana taruwa gefe guda a kaskonta, ni kuwa ina ce mata idonta ne."

"Na ji," in ji kakar daga tsakar gida. "Tun gangarawar lemon nake nan zaune."

Tsoho ya dafe kai, ya fashe da dariya har da hawaye.

"To na yarda, a karkace yake! Guntuwa, ɗauki kayanki ki ruga kar ki makara. Ki bar min ƙonannen, yau dai na san ba za a ba ni abinci a gidan nan ba."