Yadda Za Ka Ƙwato wa Gwaggo Haƙƙinta da Keken Ɗinkinta

Kana waƙa, kana wasan kwaikwayo, amma har yau ba wanda ya kira ka muryar talakawa? Sha kuruminka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin tafi har sai kunnenka ya gaji.

1. Nemo wanda aka zalunta

Kada ka yi nisa. Ga Gwaggo nan, ƙanwar mahaifinka, da aka rushe musu rumfunan ɗinki a kasuwa, ta dawo tana aiki a ƙofar ɗaki. Je ka durƙusa ka ce ta ba ka labari. Tana kuka, kai kana haɗa baiti a zuci.

2. Ari keken

Ce mata kwana uku kacal. In ta ce ta karɓi ɗinkin kayan makarantar yara ashirin, tuna mata gwagwarmaya sai da sadaukarwa. (Ba a ce lallai taka ba.) An ce kayan aro ba ya rufe katara, to amma yana cika zaure da 'yan kallo.

3. Yi kama da talaka

Sayi sabuwar riga ka yaga ta a kafaɗa. Kada ka bi ta gaban Gwaggo da ita, za ta ɗinke maka da hannu ta ɓata maka aiki.

4. Taka keken

Ɗora shi a dandalin wasa ka cire allurar, ƙarar kawai kake so. Kana takawa makaɗi yana binka, kana rera "Ku mayar mata da sana'arta!" Masu manyan kujerun gaba za su share hawaye su duba agogo.

5. Ƙara kwanaki

An ƙara wa wasanku mako uku, alhamdulillahi. Kashe wayarka. In ka ji iyayen yara sun kwashe yadinsu sun kai wa wani tela, wannan sabon baiti ne, maza rubuta.

6. In ta zo

Za ta zo kuwa. Mai ƙofa zai nemi tikiti, ta ture shi. Kana tsakiyar amshi za ta hau dandali, ta kwance kan keken ta ɗora a ka, ta dube ka ta ce, "Ɗan nan, masu rusau ma sun bar mini kekena."

Zaure zai miƙe da tafi, an ɗauka cikin wasan ne. Rusuna. Gaya wa 'yan jarida wata uku kuka yi kuna gwajin wurin nan.

A kula: tafi na yi alkawari, ban ce komai a kan zumunci ba. Wanda mahaifinsa ya daina amsa gaisuwarsa ya kuka da kansa, kada ya neme ni. Ina nan ina koyon zura zare a allura, don rigar nan har yau a yage take.